Tayoyin Taɓo a Kan Tayil

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar Asabar ɗin da aka yi bikin abokina Zira a Vimtim. Shekara biyu ke nan, amma har yanzu in abin ya faɗo mini ina cikin cin abinci, sai in ajiye cokali.

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare a nan Mubi. A lokacin shekarata arba'in da ɗaya, ina da mata da 'ya'ya uku da furfura a gemu. Ina kuma da motar wasa mai rimot. (Na san abin da ke ranka. Matata Dija ta riga ka faɗa.) Wajen wani mai kayan gwanjo na same ta a babbar kasuwa: ja, ƙirar a-kori-kura, tsawonta kamu guda da 'yan kai. Ba irin wadda ake saya wa yara da Sallah ba ce, ta mutu kafin a gama yawon Sallah. Wannan tana da totur da ribas da sitiyari mai jin magana, kuma ana kwance tayoyinta da ƙaramar sifana a ɗaura wasu. Na shaida wa Dija cewa kayan koyarwa ne, da ita zan riƙa nuna wa ɗalibai darasin gogayya, wato abin da ke sa taya ta kama ƙasa ko ta zame. Ta ce Allah ya sa albarka. Bayan wata huɗu ta tambaye ni, ba da faɗa ba, ko makarantar ce ta dawo tsakar gidanmu a Lamorde, tunda kayan koyarwar ba su taɓa leƙa can ba.

Abin da ya fi shiga raina a motar shi ne tayoyi. Wanda bai sani ba gani yake duk taya taya ce. Ni sai da na yi odar kala uku daga Legas, na je tasha da kaina na karɓo kwalin. Akwai masu manyan haƙora da roba mai tauri, na taɓo da ƙasa mai laushi. Haƙoran ke nutsewa su tura motar gaba. Akwai masu faɗi, na yashi, don kada motar ta binne kanta. Sai kuma waɗansu sumul, babu zane ko ɗaya, robarsu da laushi kamar cingam, na siminti da duk wani daɓe mai santsi. Su manne wa ƙasa suke yi. Kowace taya ba ta fi bakin kofin shayi girma ba. Duk yammacin Lahadi ina bakin mayo, wato kogi, ina gwaji, ina rubuta sakamako a wani littafi mai baƙin bango. Masu wankin babur a wurin da farko sun ɗauka ma'aikacin auna ƙasa ne, suna gaishe ni da ranka ya daɗe. Da suka gane abin da nake yi, sai gaisuwar ta koma ɗaga hannu.

A ofishin malamai kuwa na zama abin gudu. Da na ce wa mutum ya san wani abu game da taya kuwa, sai ya tuna yana da aji. Zira kaɗai ke zama ya saurare ni. Mutumin Michika ne, yana koyar da labarin ƙasa, shekara tara muna zaune tebur ɗaya. Mutum ne mai haƙuri (ko kuma don kujerarsa ce ta jikin bango, ba shi da hanyar fita sai ta bayana). Da ya kawo mini katin bikinsa da Rahila, wata tela 'yar Vimtim mai shago a cikin gari, ya ce yana son a yi wani abu a wurin liyafa wanda mutane za su daɗe suna tunawa. Na jima ina gaya wa jama'a cewa shawarar tasa ce. Tawa ce. Ni na ce idan an zo yanka kek kada kowa ya miƙo wuƙa, motata ce za ta shigo da ita, tun daga bakin fili har gaban ango da amarya. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa in akwai abu ɗaya da na sani a duniya, to wannan ne.

Ban ɗauki aikin da wasa ba. Saura mako guda na hau babur na tafi Vimtim duba wuri. A wani fili kusa da gidan su amarya za a kafa rumfuna, tsohuwar gonar gyaɗa ce aka share, jar ƙasa mai laushi da 'yan tsakuwa. Na auna nisa da taku, na caka tsinke in ga zurfin laushin, na ɗebo ƙasar a leda na kawo gida. (Tana nan a saman kwaba, na rasa yadda zan zubar da ita ba a gan ni ba.) Hukunci ya fito: masu haƙora. Na ɗaura su, na yi wa bayan motar ɗan matashi da soso, na shafe kwana biyar ina gwaji a tsakar gida da wuƙar girkin Dija, ita kuma tana zaune da albasa a hannu tana jira in gama.

Ranar biki da safe Dija ta fito shanya, ta dubi gabas ta ce akwai hadari. Na ce Afrilu muke, ruwa bai zauna ba, hadarin banza ne. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tayoyin nan sumul guda huɗu da sifana, ta zura su a aljihun kaftanina, biyu dama biyu hagu, ta ce ai ba su da nauyi. Na bar su ne kawai don a zauna lafiya.

Ana fitowa daga coci, wajen ƙarfe ɗaya, ruwa ya kece, irin na farkon damina mai zuwa da fushi da iska. Rumfa biyu suka tashi, ɗaya sai a gonar maƙwabta aka tsinto ta. Cikin rabin sa'a filin da na auna ya zama tafki. Dattawa suka yi shawara a tsaitsaye, aka ce a koma ɗakin taro na coci. Ɗakin sabo ne, an shimfiɗa masa farin tayil mai ƙyalli wanda kana iya duba haƙoranka a ciki. Da mutane suka shiga da taɓo a ƙafa, matan zumunta suka bi shi da ruwan sabulu da tsumma, suka goge tas.

Ina zaune a baranda ina share motar, malaman makarantarmu huɗu ko biyar suna kewaye da ni, sai ga wani tsoho ɗauke da kujerun roba. Singileti ce a jikinsa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya jiƙe sharkaf. Na ɗauka cikin masu kawo kujerun haya ne. Ya ajiye kujerun, muka gaisa, ya nemi izinin gani. Ya ɗauki motar, ya kifa ta, ya danna taya ɗaya da babban yatsa, ya leƙa cikin ɗakin, ya sake duban tayar.

"Malam, wannan taya na taɓo ne," in ji shi. "A can ciki ba zai kama ba."

Abin da ya kamata in ce shi ne na gode, Baba. Amma abokan aikina suna wurin, mutanen da na shekara ina cika wa kunne, ga kuma mai ɗaukar kujeru yana gyara mini zance a gabansu. Sai na gyara zama. Na yi masa bayanin gogayya tun daga tushe. Na kawo maganar nauyi, na kawo ta kusurwa, na ambaci sunan wani Bature da ya daɗe da mutuwa. Na ce shekara goma sha shida ina koyar da wannan darasi, kuma ina da littafi guda cike da gwaje-gwaje. Har yatsa na ɗaga, ina tune sarai. Tsohon ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Da na gama ya ce, "To, Malam, kai ne ka yi karatu." Ya ɗauki kujerunsa ya shige.

Ga gaskiyar magana: tun kafin in kai rabin jawabin na san shi ke da gaskiya. A shafi na uku na littafin nawa, da hannuna, na rubuta cewa masu haƙora ba sa kama daɓe mai santsi. Tayoyin da suka dace suna aljihuna, ina jin su a cinyata. Minti biyar ya isa in canja. Amma barandar nan ita ce hanyar tsohon, yana kai kujeru yana dawowa, kuma duk wucewa sai ya ɗan kalli motar. Malaman nan ba su da niyyar tashi, ɗayansu ma yana maimaita wa wani baƙo abin da na faɗa, da nasa ƙarin. Na yi tunanin zagayawa bayan gini, na ga taɓo ya kai idon sawu, ga farin kaftani. Na yi tunanin banɗaki, na ga layi. Daga ƙarshe na zauna na lallashi kaina cewa in na bi totur a hankali komai zai tafi daidai. An ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, to ni na riga na gaya wa kowa na iya rawa.

Aka shiga aka zauna. Emsi, wato mai gabatar da taro, wani siririn mutum mai kwat mai ƙyalli, ya fara kiran manyan baƙi zuwa babban tebur. Da ya zo kan uban amarya sai ya ja numfashi, ya ce a tashi tsaye a tarbi Baba Yohanna, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙa babbar mota tsakanin Mubi da Maiha da ƙauyukan kan iyaka, mutumin da taɓo bai taɓa kamawa ba. Aka saki kiɗa. Na juya, sai ga tsohon kujeru cikin shuɗiyar babbar riga mai aiki, da hula, mata na guɗa a bayansa. (Ashe cire rigar ya yi ɗazu don kada ruwa ya ɓata ta.) Da ya zo wucewa ta gabana ya ɗan sunkuyar da kai, irin gaisuwar da ake yi wa mai ilimi. Shinkafar da aka ajiye mini ban iya taɓa ta ba.

Lokacin kek ya yi. Mai hawa uku ne, a kan ƙaramin tebur a gefen babban teburin. Zira da Rahila suka tsaya kusa da shi. Rigar amarya fara ce, da doguwar jela ta leshi mai duwatsu, an baza ta a ƙasa ta kai tsawon tabarma. Kowa ya san ita ta ɗinka abarta. Emsi ya sanar cewa yau Vimtim za ta ga abin da ko a Abuja sai an yi sa'a: wuƙa za ta zo da ƙafarta, ƙarƙashin jagorancin Injiniya, Farfesan Taya. Ni ke nan. Mutane suka miƙe, wasu suka hau kujeru, wayoyi suka tashi sama kamar zangarniyar dawa a gona. Na ajiye motar a bakin ƙofa, wuƙa a kan matashinta ɗaure da jan ƙyalle. Na yi bisimilla a zuci, na taɓa totur kaɗan.

Tayoyi huɗu suka juya. Motar ba ta motsa ba, ƙara kawai take yi kamar keken ɗinki. Mutane suka yi tafi, sun ɗauka ɗumama inji take. Na ƙara kaɗan. Sai gindinta ya goce hagu, kanta ya bi, ta fara juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa. Ƙullin ƙyallen ya sassauta, wuƙar ta zamo, tsininta ya leƙo ta baya yana zagayawa daidai tsayin idon sawu. Dattawan sahun gaba, har da fasto, suka ɗaga ƙafafu lokaci guda ba wanda ya ce musu. Emsi ya ce kada kowa ya damu, motar tana gaida kusurwa huɗu ne kamar yadda aka koya mata. Ni kuwa na tsare gida kamar duk cikin tsari ne, gumi na bin bayana.

A nan ya kamata in saki totur, in je in ɗauki wuƙar in miƙa da hannu. Da an yi dariya an wuce wurin. Maimakon haka na danne shi har ƙarshe, wai ko ƙarfi zai yi abin da dabara ta kasa. Motar ta daina juyi, ta kama zamewa a karkace kamar kaguwa, ta wuce gaban babban tebur, ta nufi kek. Ba ta taɓa kek ɗin ba, wannan kam a rubuta mini. Jelar rigar amarya ta hau. Tun da aka shigo ɗakin nan haƙoran ba su sami abin kamawa ba sai a kan leshi, kuma suka kama shi da gaske, daidai yadda littafina ya ce za su kama abu mai laushi. Motar ta haye, ta naɗe leshin a tayoyin baya, ta ja. Rahila ta yi taga-taga, ta riƙe kafaɗar Zira. Na rikice na sa ribas, na gaba ma suka naɗe nasu rabon. Emsi ya riga ya sunkuyar da makirfo don a ji ƙarar injin, saboda haka har waɗanda ke can ƙarshen ɗaki sun ji yagewar. Mai kiɗa ya kashe kiɗa.

Daga ƙofa zuwa wurin kek bai fi taku ashirin ba, amma da takalmin fata a kan tayil mai sabulu sai da na yi tafiyar mai tsallaka mayo da damina, hannuwa a buɗe. Na durƙusa a bayan amarya. Leshin ya shige cikin tayoyin ya ɗaure tamau, babu yadda za a yi sai an kwance su. Na sa hannu a aljihu in ciro sifana. Sifanar ta fito, ta kuma fito da tayoyi sumul guda biyu. Ɗaya ta faɗi a gwiwata. Ɗayar ta sauka a tsaye, ta kama hanya. Ɗakin tsit, kowa na kallo, ta gangara a kan tayil ɗin nan ba gocewa ba zamewa, ta miƙe sak har ƙarƙashin babban tebur, ta tsaya a jikin takalmin Baba Yohanna.

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya danna ta da babban yatsa. Ya ɗaga ta ya duba a haske.

"Wannan ne na nan," in ji shi.

Bai ɗaga murya ba, kuma ba da ni yake ba, da fasto yake. Amma a irin wannan shirun ko haɗiyar yawu ka yi sai an ji. Ya ajiye ta kusa da kwalbar lemonsa. Daga can baya na ji muryar ɗaya daga cikin malamanmu yana cewa ashe tana aljihunsa. Na nemi Dija a cikin mata, mayafi kawai na gani, babu fuska.

Rahila ce ta cece ni, in ceto za a kira shi. Ta waiwayo ta dube ni ta kan kafaɗa, ta tambaya a hankali, "Malam, zai fita?" Na ce ta ba ni minti goma. Ta dubi leshin da idon tela, ta dubi sifanar da ke hannuna. Ta tattare rigar, ta sunkuya, ta zare wuƙar daga bayan motar, ta kama jelar ta yanke ta daga wannan gefe zuwa wancan, miƙaƙƙen layi kamar ta auna da tef. Ta goge wuƙar da hankici, ta miƙa wa mijinta, ta ce a ci gaba. Ɗakin ya ɗauki guɗa da tafi. Ni kuma na tattara motar da leshin, na rungume kamar mai fita da jinjirin da ya yi kuka a taro, na bi ta jikin bango.

A baranda na ƙarasa bikin. Can Zira ya fito da yankin kek a faranti ya ajiye kusa da ni. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi dariya ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Cewa ya yi kawai wata biyu Rahila ta yi tana dasa duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma ta yi wa ƙanwarta alkawarin rigar don nata bikin a Disamba. Ya koma ciki. Na ci kek ɗin, amma kada a tambaye ni ɗanɗanonsa.

Ranar Litinin bidiyon ya riga ni isa makaranta. Ina rubutu a allo aka yi ƙarar keken ɗinki da baki daga bayan aji, ban juya ba. Wannan bai dame ni ba kamar yadda Zira, da ya dawo daga hutu, ya riƙa gaishe ni da cikakken ladabi, kamar jiya aka turo ni makarantar. Mako biyu muna haka. Dija ce ta ce wannan ba maganar da za ta mutu da kanta ba ce, in tashi in je. Na yi yamma uku ina warware leshin daga tayoyin da allura da tsinken sakace, ban ƙara tsinka zare ko ɗaya ba, na tsince duwatsun da suka zuba na tara a kwalbar magani. Muka tafi shagon Rahila tare, Dija riƙe da turmin atamfa. Na ba da haƙuri a tsaye, a gaban mata biyu da suka zo awo, waɗanda da alama sun riga sun san ni. Rahila ta baza leshin a kan tebur, ta bi shi da yatsa, ta ce zai haɗu, za ta rufe wurin yankan da wani ado ba mai ganewa. Ta ce ita ta yafe tun a ranar. Amma akwai wanda ya tsaya a jiƙe ya ba ni shawara kyauta, can ya kamata in je.

Na sami Baba Yohanna ƙarƙashin mangwaro a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗar iri. Na cire takalmi na tsuguna, na faɗi abin da ya kawo ni ban rage komai ba, har da cewa na san yana da gaskiya tun a baranda. Ya ci gaba da ɓara har na gama. Sannan ya turo mini kwarya ya ce in taya shi. Muna cikin ɓara ya ce emsi ƙarya ya yi da ya ce taɓo bai taɓa kama shi ba. Wata damina, yana saurayin direba, ya ɗauko buhunan masara daga wajen Maiha, wata tsohuwa mai tallan nono ta tsayar da shi ta ce kada ya bi ta fadama, shanu ma sun kauce mata. Ya tambaye ta mota nawa ta taɓa tuƙawa. Kwana biyu ya yi a taɓo, mota ta nutse har ƙofa, kuma tsohuwar nan ce ta riƙa kawo masa fura safe da yamma, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

"To ka gani, duk ɗaya ne," in ji shi. Ya jefa gyaɗa a kwarya, ya ɗan yi tunani. "Sai dai ni lokacin babu waya mai hoto."

Ya shiga gida ya fito da tayata ya ba ni.

Washegari ina shiga ofis Zira ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Sannu da zuwa, Farfesa." Sai ya kifa kai a tebur ya yi dariyar da ya kusa wata yana dannewa, har sai da aka kawo masa ruwa. Na zauna na jira ya gama. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar ranar ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In ka ga mutum ya kifa kayanka ya danna da yatsa kafin ya yi magana, ka yi shiru ka ji, ko da singileti ce a jikinsa. In kuma bakinka ya riga ka, to ka daure ka canja tayar a gabansa. Kunyar baranda shaidunta biyar ne. Ta cikin ɗaki kuwa, surukina da ke Yola ma sai da aka tura masa.